Turmi Mai Huda

Talata, 4 ga Satumba, 2007

Yau na yi kuka, amma na daɗi.

Wata bakwai ke nan da Yaya Hakeem ya ɗauko ni daga Kano ya ajiye a hawa na tara a unguwar Xiaobei, a ƙasar Chana, wata bakwai ina faɗa masa gidan da ba turmi ba gida ba ne. Yaji a bilanda? Daddawa a bilanda? Kullum amsar ɗaya ce: "To, Zulai, za a duba." Har na fid da rai. Na ce nawa mijin ba irin na littafi ba ne, na kasuwa ne.

Da hantsi sai ga shi da 'yan Chana huɗu, suna nishi, sun turo wani akwatin katako har tsakiyar falo. Shi kuwa waya a kunne, jaka a kafaɗa, zai tafi garin Yiwu kwana goma. Abin da ya ce kawai: "Ki kula da shi, kada komai ya same shi. In na dawo zan yi miki bayani." Ya fita.

Na daure har azahar. Sannan na ɗauko sukudireba.

Turmi ne. Na dutse! Tsayinsa ya kawo min ƙugu, bakinsa da faɗi, an sassaƙa igiya ta zagaye wuyansa, ga ganyaye. Ashe duk shirun nan sawa ya yi a sassaƙa min. Kuma bai tsaya na gode masa ba. Haka jarumin littafin da nake karantawa yake, ya yi abin kirki ya haɗe rai ya wuce.

Laraba, 5 ga Satumba

Na leƙa ciki da kyau. Da huda a gindi! Wane irin mutum ne zai sassaƙa turmi ya huda shi? Sun iya ƙera waya, sun iya jirgin ƙasa mai tafiya a ƙarƙashin gari, turmi ya gagare su. Na fiƙe guntun katakon akwatin na toshe.

Ga kuma wasu kawuna huɗu a jikinsa, masu ido kamar na kwaɗo, wuyansu a karkace. Wa ya aike su? Na liƙe fuskokin da filasta saboda mala'iku.

Alhamis, 6 ga Satumba

Na zaga shago bakwai neman taɓarya. Na kwatanta da hannu, na kwatanta da jiki. "Meyo. Meyo." Babu, babu. Wani lawban ma, wato mai shago, sandar mofa ya miƙo min yana dariya.

Yalwa, 'yar Damagaram ɗin da ke hawa na shida, ita ta fid da ni. Tun daga gida ta zo da taɓaryarta, turminta ne ya tsage a hanya. Da ta ga nawa sai ta dafe ƙirji. "Wannan shi ne kado, kyauta ta gaske! Mijina turaren da ya taɓa kawo min ma na samfur ne."

Asabar, 8 ga Satumba

Tsohuwar da ke ƙasanmu ta hawo sau biyu, tana nuna rufin ɗakinta tana faɗa. Na ce mata shiye-shiye, wato na gode da yarensu, na rufe ƙofa. Ita da take kunna rediyo tun da asuba ana wannan kukan da suke kira waƙa, wa ya taɓa hawa mata?

Na sa bargo a ƙarƙashi. Yajin ya yi laushi kamar kwalli.

Talata, 11 ga Satumba

Azumi jibi. Mata shida suka zo dakan geron kunu. Hajiya Rekiya da kanta ta zo, matar Alhaji Maidaji mai kago, mai aika kayan 'yan kasuwa gida, wadda duk matan Hausawan unguwar nan a falonta suke taruwa. Ita da ba ta taɓa tako gidana ba. Ta zagaya turmin sau biyu, ta ce, "Amarya, me kika ba yaron nan ya ci?"

Na sunkuyar da kai. Sannan, Allah Ya yafe min, na ƙara gishiri. Na ce shi ya zana da hannunsa. Na ce igiyar nan ta wuya ma'anarta igiyar aure. Ban san daga ina maganar ta fito ba, ta dai fito, kuma ta yi daɗi a baki.

Sa'adiya, matar Malam Illa, ta ce ita dai kawunan nan ba su yi mata ba. Ita komai ba ya yi mata.

Wajen daka Yalwa ta kuskure, taɓarya ta sauka a leɓe, ɗan wuri ya ɓalgace. Ba komai. Turmi ai na aiki ne.

Juma'a, 14 ga Satumba

Ba nawa ba ne.

Asabar, 15 ga Satumba

Jiya na kasa rubuta fiye da haka.

Ya dawo bayan la'asar. Na yi lalle, na sa leshin nan ruwan goro, na tsara kalmomin godiya tun safe. Ya shigo ya tsaya. Ya dubi turmin, ya dubi jan barkonon da ya rina cikinsa, ya dubi ɓalgacen, ya dubi filasta. Jakarsa ta faɗi.

"Zulai. Me kika yi?"

"Daka."

"Daka? A cikin samfurin mutane?"

Wai abokinsa Hadi da ke karatu a Birtaniya ne ya haɗa shi da wani Bature. Baturen ya aiko hotuna da awo, shi kuma ya kai Yunfu, garin masu sassaƙa dutse, aka yi guda ɗaya na gwaji. Baturen zai zo baje kolin Canton da ake yi a garin nan wata mai zuwa ya gani da idonsa. Sito ya cika, shi ya sa aka kawo gida.

Na ce to samfurin mene ne, in ba turmi ba?

Ya sosa ƙeya. "Na coci ne. Kwatankwacin wanda suke zuba ruwa su yi wa jarirai baftisma."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A falona. Kwana goma. Kunun da muka sha ruwa da shi jiya ma a ciki aka daka geronsa.

Kuma wai ni ce mai laifi! "Ai na ce kada komai ya same shi." Na ce ka ce in kula da shi, na kuwa kula, kullum sai na wanke. Mace ta yi wata bakwai tana roƙon turmi, ka turo mata abu mai baki da ciki da gindi, ka ce me za ta zata? Kujera? Kalma huɗu ta gagare ka? Ba naki ba ne. Shi ke nan! A gidan nan ba a faɗa min komai. Ni da firij ɗaya muke, a buɗe a ɗauka a rufe.

Bai ba ni haƙuri ba. Ni ma ban bayar ba.

Lahadi, 16 ga Satumba

Na ji shi a baranda yana waya da Hadi, yana dariya har da tari. "Wallahi har da daddawa." Ko a littafi mugun miji ba ya haka.

Abin da ya fi ci min rai ba shi ba ne. Matan nan ne. Igiyar aure! Ni da bakina. In Sa'adiya ta ji, kafin sati labarin ya isa Kantin Kwari, daga nan gidanmu. Gara in mutu.

Na rufe shi da zanin gado.

Talata, 18 ga Satumba

Gaisuwa, abinci, "a dawo lafiya." Iyakarmu ke nan.

Yalwa ta hawo da gyaɗa za ta daka. Na ce Yaya ya hana, saboda tsohuwar ƙasa ta kai ƙara. Ƙarya ta biyu, da azumi a bakina.

Alhamis, 20 ga Satumba

Ya ajiye wata ambulan a kan tebur, bai dube ni ba. "In kin samu sarari. Turancin ya yi min yawa." Nasa Turancin na ciniki ne, nawa na makaranta. Yanzu aka tuna ina da amfani.

Ba zan karanta ba.

Asabar, 22 ga Satumba

Na karanta. Don littattafaina sun ƙare ne, na maimaita kowanne sau uku.

Shafi tara ne da hotuna, labarin na ainihin. Yana wani ƙaramin coci a wani ƙauye a Wales, sunan ƙauyen ya fara da L biyu, na gwada faɗa harshena ya ƙi. Takardar ta ce shekararsa ta kusa ɗari takwas. Ba a san wanda ya sassaƙa ba. Ashe kawunan nan ba laifin 'yan Chana ba ne, haka mai shi ya yi su a karkace, su kwaikwaya suka yi. Na zage su a banza.

Hudar kuma da gangan ce. In an gama da ruwan, ba sa watsarwa inda za a taka, sai su zare toshiya ya tsiyaye ta cikin dutsen ya shige ƙasa. Na tuna Inna, yadda take hana mu zubar da ragowar rubutu a tsakar gida, sai dai a gindin bango. Ban ji daɗin wannan tunanin ba.

Wai da can har murfi da kwaɗo suke sa masa, don mutane suna satar ruwan su kai gida yin magani. Turawa! Su da suke mana kallon masu camfi.

Sai na zo shafi na shida. Shekara ɗari da wani abu da suka wuce aka gyara cocin, aka sayo sabo mai sheƙi, aka fitar da tsohon waje. Wani manomi ya ja shi gonarsa ya riƙa zuba wa aladu abinci a ciki. Aladu! Wato ni Zulaiha a hoton kwamin aladu na daka yajina. Na tashi na wanke bakina, ban san dalili ba.

Lahadi, 23 ga Satumba

Abin bai bar ni ba.

Shekara ɗari bakwai duk jaririn da aka haifa a ƙauyen nan a bakin dutsen nan aka raɗa masa suna. Kakanninsu, kakannin kakanninsu. Rana ɗaya don an ga mai sheƙi sai a jefar da shi waje, ruwan sama na dukansa? Ba su da kunya ne? Ko ƙwaryar da aka yi wa mutum wankan jego da ita ba a yi mata haka.

Shekara sittin yana gonar. Wata tsohuwa ce ta je sayen ƙwai, ta ga igiyar nan ta cikin taɓo, ta ce wannan ai a cikinsa aka yi wa uwata. Ta hana kowa sakat har sai da aka sa doki aka mayar da shi. Takardar ba ta ma faɗi sunanta ba. Sunan manomin ne a ciki, har da na gonarsa. Haka ake yi mana ko'ina.

Da ni ce mai rubutawa, da ita zan fara.

Talata, 25 ga Satumba

Na karya shirun, amma don faɗa ne.

Shafi na ƙarshe wasiƙar Baturen ce. Ba coci zai kai ba. Da yawa yake so a yi masa, ya sayar wa masu lambu, su zuba ruwa tsuntsaye su yi wanka. Ana shan ruwa na ce, "Yanzu Yaya abin da aka raɗa wa 'ya'yan mutane suna a ciki, shi za ku mayar bahon tsuntsu? An fid da shi daga aladu, za a kai shi ga tattabaru?"

Ya ajiye cokali. "Ikon Allah. Shekaranjiya kina cewa na kawo miki kafirci falo, yau ke ce lauyan coci?"

Na ce ba addinina ba ne, amma rashin mutunci ai ba shi da addini.

"Dutse ne fa, Zulai. Daga Yunfu. Ko ƙofar coci bai taɓa gani ba."

"To me ya sa ka sosa ƙeya da za ka faɗa min?"

Ya ce in ƙara masa kunu. Na bilanda ne, ya sha a haka.

Juma'a, 28 ga Satumba

Ya sa a sassaƙa wani samfurin, wannan ba ya nunuwa. Sau biyu yana zuwa Yunfu da azumi, ya dawo leɓensa a bushe. Bai yi min gori ba. Da ya yi ma da na fi samun sauƙi.

Talata, 2 ga Oktoba

Hajiya Rekiya ta aiko wai yaushe za a zo dakan yajin Sallah. Na ce ba ni da lafiya. Ta uku.

Juma'a, 5 ga Oktoba

Yalwa ta zo da labari, tana ta dariya, ba ta san wuƙa take soka min ba.

Ashe matan nan sun hana mazansu barci. Kowace: mijin Zulai ya yi, kai me ka yi? Yau bayan masallaci maza suka tare Yaya Hakeem a bakin ƙofa. Alhaji Maidaji ya riƙe masa hannu, wai, "Kai yaro, ka ɓata mana gidaje. Gaskiya ne kai ka zana?"

Na ce da Yalwa, me ya ce?

"Cewa ya yi, 'Alhaji, abin da ta faɗa haka ne.' Suka yi ta tsokanarsa, wai Majnunin Xiaobei."

Yanzu Alhaji ya ce lallai a yi masa biyar irinsa, har yana tunanin loda kwantena zuwa Kano. Yaya yana ta kewaye-kewaye, wai masassaƙin ya yi tafiya.

Ya dawo bai ce min komai ba. Ya ci abinci, ya tafi tarawi. Kullum haka, ko abin kirki zai yi sai ya ɓoye min. Wannan ma ai rainin hankali ne. Wa ya ce ya yi min ƙarya a ƙofar masallaci? Wa ya roƙe shi?

Talata, 9 ga Oktoba

Alhaji ya sake kiransa a gabana. Na ji yana cewa, "Wallahi Alhaji..." sai ya dube ni, ya haɗiye rantsuwar, ya ce layin ba kyau.

A goman ƙarshe.

Asabar, 13 ga Oktoba, Sallah

Na faɗa.

Falon Hajiya Rekiya a cike, mu goma sha ɗaya, ana cin tuwo da miyar taushe. Hajiya ta ɗaga murya, "Amarya, ki yi wa mijinki magana, Alhaji ya gaji da jira." Na ajiye kwano na ce, "Hajiya, ba turmi ba ne. Kuma ba nawa ba ne. Bai zana komai ba, ni na ƙirƙira."

Na faɗi sauran idona a kan kafet. Baturen, cocin, jariran. Aladun ne kawai na bari.



Hajiya ta ce, "Tsaya, 'yar nan. Kunun da na buɗe baki da shi kwana uku, na coci ne?"

"Bai taɓa shiga coci ba, Hajiya. Daga wajen masassaƙa ya zo."

Sa'adiya ta miƙe tana a'uziyya, ta ce tun ranar ta faɗa, ba a ji ba, an ciyar da su abin da ba su sani ba. Ta ja mayafinta ta fita ko takalmi ba ta sa daidai ba. Wannan kam Kano ta ji an gama.

Sai Yalwa ta fashe. Ta kwanta a jikin kujera tana riƙe ciki. "Wayyo ni! Ashe gerona baftisma ya yi!" Shi ke nan falo ya ɗauka. Wata ta ce a sa wa yajin suna Maryamu. Wata ta ce daga yau Sista Zulai. Ina kuka suna dariya, ba wadda ta ji tausayina.

Hajiya ba ta yi dariya sosai ba. Da zan tafi ta riƙe ni a ƙofa. "Shekara ashirin da biyu ina tare da Alhaji, ko muciya sai na ce. Wata guda ina masa gori da mijinki. Gobe ki zo ki gaishe shi, ki faɗa masa da bakinki." Sannan ta rage murya. "Shi kuma yaron nan da ya tsaya gaban maza ya ɗauki ƙaryarki a kansa, ba ki ba mu wannan labarin ba. Kin tsaya a kan igiyar dutse."

Ban ga abin da ya kawo wannan maganar ba.

Lahadi, 14 ga Oktoba

Na je. Alhaji Maidaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. A lif wata yarinya ta ce min, "Ina kwana, Sista." Sa'adiya ba ta amsa sallamata ba.

Ban mutu ba dai.

Talata, 16 ga Oktoba

Baturen ya ga sabon samfurin, ya ce ya yi. Na ba Yaya tambaya a takarda ya kai masa: mutanen ƙauyen sun sani? Wai sun sani, su suka bar shi ya auna, da sharaɗin zai taimaka a gyara musu rufin coci da ke yoyo. Na ji haushi da abin ya zama ba na jin haushi ba. Duk da haka tsuntsaye dai ba su dace ba.

Laraba, 17 ga Oktoba

Ya dawo da wuri, bayan la'asar. Ina ninke kaya. Ya zauna a bakin gado ya yi gyaran murya kamar mai wa'azi.

"Gobe zan je garin Xintang. Wandunan jins ne na wani mutumin Kwari. An yi kuskure a zif, sun sa na roba maimakon na ƙarfe. Lawban ɗin mace ce, tana da taurin kai. Daga nan zan biya wajen masu wanki, don launin ya fi wanda aka ce duhu."

Na ce, "Me ya kawo wannan?"

"Ba ke kika ce ba a faɗa miki komai ba?"

Ya yi kusan awa guda. Zif, maɓalli, aljihun baya, yadda ake goga wando da dutse don ya yi kamar tsoho. Ban taɓa jin zance marar daɗi irin wannan ba, ba marubuciyar da za ta sa shi a littafi. Ko sau ɗaya bai ce yi haƙuri ba. Na ce masa in matar nan tana da taurin kai, ya daina fara mata da laifinta, ya fara yaba ɗinkin. Ya dube ni ya ce, "Haka ne?" Ya rubuta a bayan hannunsa.

Ban ce na huce ba. Na dai tambaye shi ƙarfe nawa motar Xintang take tashi, ko da zan ga dama.